Toliyen Abijan: Mai Sake Wa Tsohuwar Mota Daɓe

Duk wanda ya ratsa layin garejojin unguwar Ajame ta Abijan da hantsi, ƙarar guduma ce za ta fara tarbarsa, sannan warin kabaid ya biyo baya. A ƙarƙashin wata rumfar kwano a can na tarar da Fijo 504 fara, an ɗage ta bisa kututturai, an kwance kujerunta an jingine da bango. Daga waje lafiyarta lau, fenti sai sheƙi yake. Amma da yaron gareji ya yaye kafet, sai ga ƙasa tana leƙowa ta wani rami da hannu zai shige, daidai inda direba ke kafa diddigensa.

Wanda ake kawo wa irin wannan larura shi ake kira toliye a Abijan, daga sunan farantin ƙarfe da ake ce wa tol. Shi ne fanal bita a bakin mutanen Kano. Kowane toliye ya iya buɗe lotsattsen murfi ko miƙe ƙofa, amma sake daɓen mota aikin manya ne, domin a motoci irin su 504 da Toyota Corolla jiki da ƙashin baya a haɗe suke. Daɓen nan shi ke riƙe da kujera, a jikinsa ake ɗaure bel, ta ƙarƙashinsa kuma bututun mai da na birki suka bi. In ya ruɓe, hayaƙin salansa ya sami ƙofar shiga, ranar karo kuwa kujera na iya tsinkewa da mai ita.

Ba mamaki sana'ar ta yi ƙarfi a nan, don Abijan gari ne mai cin ƙarfe. Tun da aka buɗe mashigin Biridi a 1950 ruwan teku ya sadu da tafkin Eburiye, aka kuma ƙaddamar da tashar jiragen ruwa a 1951, unguwar Tireshbil ke kwana tana tashi cikin iska mai laima da gishiri. Babbar damina tana sauka daga Mayu zuwa Yuli, a watan Yuni kuwa sau da yawa mota sai ta yi iyo kafin ta kai gida. Ruwan yakan shiga ta robar gilashi da ta tsufa, ya kwanta ƙarƙashin kafet, ya yi makonni bai bushe ba. Ga kuma motocin hannu da ake saukewa a tashar, waɗanda 'yan gari suka laƙaba wa sunan ban kwana da Faransa: tun a Turai sun sha gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Har sana'ar 'yan uwanmu tana da hannu a ciki. Garba, abincin nan na aceke da soyayyen kifin tuna da ya ɗauki sunansa daga Hausawan Nijar masu sayar da shi, kifinsa a ruwan gishiri ake adana shi cikin jirgi. Motar da ke jigilarsa daga tashar masunta kullum, ruwan nan yana tsiyaya a cikinta, ba ta daɗewa daɓenta ya zama rariya.

Maigidan garejin, dattijo ne mai tabon ƙuna a bayan hannu, bai fara da wuta ba. Ƙaramar guduma ya ɗauka yana ƙwanƙwasa daɓen taki-taki, kunnensa a karkace. Lafiyayyen ƙarfe amo gare shi, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ya amsa a dakushe, wani wurin ma ya burme kamar ɓawon ƙwai. Da alli ya zagaye wurin, ya wuce bakin ramin da faɗin yatsu uku, domin tsatsar da ido ya gani kaɗan ce daga wadda ke ɓoye. Mai motar ya so a rage faɗin yankan saboda kuɗi, dattijon ya nuna masa cewa walda ba ta kama ruɓaɓɓen ƙarfe, in an matsa mata sai ta huda shi. Kafin a taɓa komai sai da aka cire batir, aka kawar da bututun mai, aka ajiye bokitin ruwa da jiƙaƙƙen buhu a hannun yaro.

A Turai da Amurka, masu kiwon tsofaffin motoci sukan yi odar sabon daɓe da inji ya buga daidai da na asali. A Ajame kuwa, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ko dai a je kas, kasuwar da ake fasa matattun motoci, a yanko daɓen wata 'yar uwarta, ko kuma a ƙera shi da hannu. Dattijon kwali ya shimfiɗa a ramin, ya bi gefensa da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanka, ya ɗora bisa sabon tol mai kaurin milimita 1. Daga nan ya kwantar da farantin a kan guntun ƙarfen dogo, yana bugun kwari-kwari a jikinsa irin na asali. Ba don ado ake yin su ba: shimfiɗaɗɗen faranti lanƙwashewa yake yana kuka ƙarƙashin ƙafa, waɗannan layukan su ne haƙarƙarinsa.

Sai walda. Kabaid in ya haɗu da ruwa yakan ba da gas, gas ɗin in ya gamu da iskar oksijin harshen wutarsa ya haura digiri 3,000, alhali kaurin farantin bai fi milimita 1 ba. Mai gaggawa zai ja wutar a miƙe, ƙarfen ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. Dattijon ko ɗigo-ɗigo ya yi ta yi, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, ya dakata ya huce, ya daddaɓe da guduma, ya koma, har ɗigon suka haɗe suka zama ɗinki. Da ya gama sai ya sa yaron ya shiga ƙarƙashi da tocila: duk inda haske ya ɓullo, ruwa ma zai ɓullo. Bayan an goge aka shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, aka toshe bakin ɗinkin, aka bi ƙasan da baƙin shafi mai kama da kwalta, aka buɗe ƙananan ramukan zubar ruwa.

Aikin bai rasa masu nema ba. Tun daga Yulin 2018 Kwaddibuwa ta hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5, sai tsofaffin da ke hannu suka ƙara daraja. Masu motocin haya na woro-woro da gbaka suna lallaɓa nasu don su tsallake binciken lafiyar mota na SICTA, wasu kuma ƙauna ce kawai: 504 ta fito a 1968, an fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma har yau akwai gidajen da motar mahaifi ba ta sayarwa ba ce.

Sai dai sana'ar tana da 'yan cika ido. Akwai mai ɗora guntun kwano bisa tsatsar yadda take, ya cika da mastik, ya fesa baƙi, ya mayar da kafet. Kuɗinsa kaɗan ne, aikinsa na yini ɗaya ne, amma araha ba ta ado: damina ɗaya ta isa ta tona shi. Abin da ya sa nake girmama dattijon nan ke nan. Kwana uku ya yi a durƙushe, tartsatsi yana zubo masa, a kan wurin da mai motar ba zai sake gani ba da zarar an shimfiɗa kafet. Yaron da ke riƙe masa buhu zai yi shekaru kafin a miƙa masa wuta, kuma cikin shekarun nan abin da zai fi koya shi ne inda ake tsayar da alli. Ranar da aka sauke motar, dattijon ya shiga ya taka sabon daɓen da dukan nauyinsa, ya yi tsalle sau biyu, sannan ya miƙa wa mai motar makulli.