Tumfafiya, digoxin da gwajin jinin masu ciwon zuciya

Daga Isa zuwa Sabon Birni da wuya ka wuce kufai ko gefen gulbi ba ka ga tumfafiya ba. Masu magani sun daɗe suna haɗa saiwarta da ganyenta a jiƙo. Abin da ba a cika sani ba shi ne, a cikin farin ruwanta akwai sinadarai irin su calotropin, 'yan gida ɗaya da digoxin, ƙwayar da likitoci ke bai wa wasu masu raunin zuciya. Shi ma digoxin daga tsiro ake samunsa, dangin foxglove da William Withering ya yi rubutu a kansa a Ingila a 1785. Kwankwani, wanda maharba ke dafa dafin kibiya da shi, na cikin wannan zuriya.

Tazarar da ke tsakanin warkarwar digoxin da gubarsa ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ake auna shi a jini, aƙalla awa shida bayan shan ƙwayar. To amma na'urar gwajin siffar sinadari take ganewa, kuma 'yan'uwan digoxin na iya shige mata da kamarsa. Amitava Dasgupta, lokacin yana Jami'ar Texas, ya nuna haka da chan su, maganin Sinawa da ake yi da dafin kwaɗo: wani gwajin ya haura ƙima, wani ya sauka ƙasa da gaskiya. Idan ya haura, likita ya rage maganin da mara lafiya ke buƙata. Idan ya sauka kuwa, ya ƙara wa mai guba guba, ga amai, ga gani rawaya-rawaya, ga bugun zuciya ya rikice. Mai shan Lasix, maganin sa fitsari, ya fi shiga hatsari, don fitsarin na zubar da potassium.

Abin ya shafi masu jego ma. A 2007 Isezuo da Abubakar sun ruwaito cewa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, ana samun raunin zuciya na bayan haihuwa sau ɗaya a haihuwa 102. Ga hanya ta lalace saboda 'yan bindiga, wadda aka sallama daga Sakkwato ko Maraɗi takan daɗe ba ta koma ba, kuma jiƙon gida ke cike giɓin.

A ganina rabin laifin na ma'aikatan lafiya ne. Wanda ya daka wa mace tsawa don ta sha sassaƙe, gobe ba za ta faɗa masa ba. Da zai ce, "Hajiya, me Inna ta jiƙa miki? A zo mini da shi in gani," da ya san yadda zai karanta takardar gwajin.