Allon Hotuna, Bakin Wanda Ba Ya Magana

Duk wanda ya san kasuwar Guro ta Adjamé ya san ciniki ba sai an ji yaren juna ba. Bahaushiya ta nuna doya da yatsa, mai kaya ta ɗaga yatsu uku, an daidaita. Irin wannan dabara ce masu gyaran magana, wato ortofonis da Faransanci, suke koya wa yaron da bakinsa bai buɗe ba, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana.

Sukan fara da hotuna kaɗan: ruwa, abinci, banɗaki, ciwo. A tsarin PECS, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1985, yaro kan miƙa hoton ayaba, nan take a ba shi ayaba, ana faɗin sunanta.

Fargabarmu iyaye ita ce kada hotunan su hana yaro furuci. Binciken masana bai nuna haka ba. Wasu yaran ma ta nan bakinsu yake buɗewa. Sai dai allon da aka bari a asibiti ba shi da amfani. Mu riƙa zuwa kasuwa da shi, mu bar yaro ya nuna abin da yake so, mu yi haƙuri mu jira shi.