Besbol a Amurka: Yadda aka yi cinikin gurbin zagayen ƙarshe a teburin sulhu

A ranar 2 ga Disamba, 2021, masu ƙungiyoyi 30 na gasar besbol ta MLB suka rufe ƙofofinsu, suka hana 'yan wasa shiga. Ba 'yan wasa ne suka shiga yajin aiki ba. Iyayen gidansu ne suka dakatar da komai domin su matsa musu lamba. Sai da aka shafe kwana 99 kafin a cimma yarjejeniya.

'Yan wasa sun samu ƙarin mafi ƙarancin albashi daga dala 570,500 zuwa 700,000 a shekara. Abin da suka bayar a madadin haka shi ne amincewa a faɗaɗa zagayen ƙarshe daga ƙungiyoyi 10 zuwa 12. Masu ƙungiyoyin 14 ma suka nema.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Albashin ɗan wasa yana ƙarewa ne da wasannin kaka 162. A zagayen ƙarshe, kason kuɗin tikiti kawai 'yan wasa suke rabawa, yayin da kuɗin gidajen talabijin ke shiga aljihun masu ƙungiyoyi. Su kuwa 'yan wasa tsoronsu shi ne, idan shiga ta yi sauƙi, ba mai kashe kuɗi wajen sayen gwanaye.

Ga wanda ya saba da Firimiyar Ingila, inda na saman teburi ke ɗaukar kofi, abin da ya biyo baya zai yi masa banbarakwai. A 2022, Los Angeles Dodgers ta ci wasa 111, amma San Diego Padres mai 89 ta yi waje da ita cikin wasa huɗu. A 2023, Arizona Diamondbacks, wadda ta samu gurbi na shida da nasara 84, ta kai wasan ƙarshe. A tsohon tsari babu gurbi na shida. Magoya bayan Arizona sun sha shagali, ba shakka. Amma mai goyon bayan Dodgers da ya bi wasa wata shida yana da hujjar tambayar amfanin wahalarsa, kuma ba shi da kujera a teburin da aka yanke hukuncin.

Yarjejeniyar tana ƙarewa ranar 1 ga Disamba, 2026. Batun da ke gaba shi ne ƙayyade albashi, wanda ƙungiyar 'yan wasa ta daɗe tana ƙi. A kansa ne aka yi yajin aikin 1994, shekarar da ba a buga wasan ƙarshe ba.