Filin Noma Da Kiwo: Jiyyar Ɗan Tsako Mai Rauni

Tun da aka buɗe masaƙar Kakuri cikin 1957, ma'aikata suka cika unguwannin da ke ƙetaren Kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, da wuya a shiga gidan haya a rasa akurki a bayan ɗaki. Masaƙar ta rufe cikin 2002, amma kiwon kaji bai tsaya ba, sai ma yaɗuwa da ya yi har Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. To, gidajen nan a matse su ke, ga kwatoci, ga juji, ga ciyayin bakin kogi. Saboda haka 'yan tsaki na shan wahala ƙwarai: shirwa daga sama, gafiya da ɓera daga kwata, muzuru da dare, da rana kuwa ƙafar yaro ko ƙyauren ɗaki. Waɗanda aka sayo a kwali su ma ba su tsira ba, gama su kan ƙone a jikin fitila ko kurfoti, ko su tattake juna in sun ji sanyi.

Abin da ya kamata mai kiwo ya fara sani shi ne, sau da yawa ba raunin ba ne ke kashe ɗan tsako, sanyi ne da firgita. Babbar kaza zafin jikinta wajen digiri 41 ne, kuma ita ke riƙe da abinta. Tsako kuwa sai ya yi kamar mako 2 kafin jikinsa ya iya riƙe zafi da kansa. A makonsa na fari ya na bukatar ɗumin digiri 32 zuwa 35, alhali daren hunturu a Kaduna kan sauka wajen digiri 15. Jinin da ke jikin tsakon kwana ɗaya kuma duka-duka bai cika cokalin shayi ba. Ɗigon da mutum zai rena, a gare shi babbar hasara ce.

Don haka in an ƙwato shi daga bakin gafiya, ko shirwa ta sake shi, kada a ruga neman magani tukuna. A sami tsumma mai tsabta a danne inda jini ke fita, a hankali, har minti biyu ko uku, ba a ɗagawa ana leƙawa. In jini ya tsaya, a sa shi cikin ƙaramin kwali da tsumma a ƙasa, a cika kwalba da ruwan ɗumi a naɗe ta da ƙyalle a ajiye gefensa, a rufe kwalin a bar kafar iska. A kai shi wuri mai duhu inda ba hayaniya, a ƙyale shi kamar sa'a guda. A nan ne yara ke ɓata aiki, gama kowa so ya ke ya ɗauka ya gani. A hana su.

Bayan sa'a guda sai a duba. Wanda ya buɗe ido, ya ɗaga kai, ya na kuka da ƙarfi, akwai fata a kansa. Sai a kaɗa rabin cokalin shayi na sukari cikin kofin ruwan ɗumi, a tsoma bakinsa kaɗan a bar shi ya haɗiye da kansa. Kada a buɗe bakin a ɗura masa. Ƙofar numfashin kaza a gindin harshe ta ke, ruwan da aka ɗura da ƙarfi huhu ya ke tafiya, mai jiyya ya kashe abin da ya ke jiyya da hannunsa bai sani ba. Abinci ba abin gaggawa ba ne. Tsakon da bai wuce kwana 2 ba ma ya na da guzurin gwaiduwa a cikinsa. In ya fara sha, a ba shi dusa mai laushi da aka jiƙa, ko dafaffen ƙwai da aka murmushe.

Sa'an nan a zo ga wankin rauni. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya, a bari ya huce, a wanke raunin da auduga har ƙasa da gashin da suka manne su fita, amma kada a jiƙe tsakon duka. In ya bushe a ɗiga shuɗin maganin nan da a ke kira jibi, wanda ba a rasa shi a kantin magani. Amfaninsa biyu ne. Ya na kashe ƙwayoyin cuta, ya na kuma ɓoye jan nama, gama kaza ba ta ganin ja ta ƙyale. 'Yan'uwansa na ciki ɗaya su za su bi raunin da sara har su huda shi. Ko da an sa jibi, kada a maida shi cikinsu sai raunin ya kame. Baƙin mai na mota da kananzir da toka da barkono, waɗanda wasu ke rantsuwa da su, ba abin da su ke yi sai ƙona naman da zai warke. Da damina kuwa a lulluɓe kwalin da tsohon gidan sauro, don ƙuda kan yi ƙwai a rauni, kafin kwana ɗaya ya zama tsutsa.

Cizon kyanwa ko muzuru dabam ya ke. Haƙorinsu siriri ne, ramin ba ya ganuwa cikin gashi, tsako ya tashi ya na yawo kamar ba abin da ya same shi, gobe ko jibi a iske shi a sanƙare. Ƙwayar cutar da ke cikin yawun kyanwa ce ta shiga jininsa. Wannan ruwan gishiri ba ya isa, sai a tafi wurin malamin dabbobi a ranar, ya faɗi maganin da za a ba shi da yawansa. Kada a fasa kafson mutane a zuba da ka.

Karayar ƙafa, in a ƙasan gwiwa ta ke kuma ƙashi bai huda fata ba, ta na ɗoruwa. A miƙe ƙafar a hankali, a sa auduga, a kafa tsinken ashana biyu da aka cire wa kai, ɗaya kowane gefe, a naɗe da filasta ba da ƙarfi ba. Kowace safiya a taɓa 'yan yatsun. In sun kumbura ko sun yi sanyi, ɗaurin ya yi tsanani. Ƙashin tsako na saurin haɗewa, mako 2 zuwa 3 an kwance. Akwai kuma wanda ƙafafunsa ke baje wa gefe da gefe, ba karaya ba ce, santsi ne, yawanci don an shimfiɗa musu jarida ko leda. A haɗa ƙafafun da ɗan zare mai laushi, a bar tazarar tsayuwa tsakaninsu, a sa shi kan buhu ko ɓuntun shinkafa, cikin kwana 3 ko 4 ya kan miƙe.

Amma fa ba kowane ne ke tashi ba, kuma gara a faɗi gaskiya. Wanda hanjinsa ya fito, ko bayansa ya karye har ƙafafu biyu ba sa motsi, ko kansa ya fashe, ko ya ƙone ya wuce rabin jiki, ko ya kwana ya yini cikin ɗumi bai ɗaga kai ya sha ruwa ba, wannan ba jiyya a ke yi masa ba, wahalarsa a ke ja. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. A sami wuƙa mai kaifi a gama da shi nan take, sau ɗaya. Jefa shi kan juji da sauran rai, tururuwa su ƙarasa, shi ne mafi muni, kuma abin kunya ne ga mai kiwo. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 2 a binne, ko a ƙone. Wanda ya jefa gawa cikin kwata ya kira gafiya cin tuwo ne, gobe za ta dawo neman ƙari. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

A yawancin gidaje kaji na mata ne da yara. Kazar da aka ba yaro ita ce dukiyarsa ta fari, a kanta ya ke lissafin takalmin makaranta. In tsakonsa ya mutu, ko shi ne ya taka shi da kuskure, duka ba ta da amfani; abin da za ta koya masa kawai shi ne ya ɓoye na gaba a bayan tukunya har ya mutu ba wanda ya sani. A gaya masa gaskiya cewa ya mutu, a bar shi ya yi kukansa, a sa shi ya haƙa ramin, sa'an nan a ba shi aikin ba sauran ruwa. Ita uwar kuwa, in 'ya'yanta duka sun ƙare, ta kan yi kwana biyu ta na kira, daga baya ta koma ƙwai. In akwai marayun tsaki masu ƙanƙanta kamar nata, a cusa mata su ƙarƙashin fiffike da dare, da safe a tsaya a gani ko ta karɓe su.

Mai kiwon kasuwa, musamman akawu da ya saba da alƙalami, ya buɗe littafi: rana kaza, tsako kaza, dalili kaza. A cikin tsaki 100 na kwali, a rasa ɗaya ko biyu a makon fari ba abin tashin hankali ba ne. In sun wuce haka, littafin zai nuna ko da dare a ke ɓarnar ko da rana, ko kusa da fitila. In kuwa su na mutuwa ba rauni a jikinsu, ana ganin wuya na murɗewa, da zawo, da numfashi da kyar, to, magana ta bar rauni ta koma annoba. Cutar Niyukasil, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a Ibadan cikin 1952, haka ta ke yi, kuma ana yin maganin rigakafinta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato. Murar tsuntsaye kuma a Jaji, nan Jihar Kaduna, aka fara ganinta cikin 2006. Irin wannan gawa ba a taɓa ta da hannu tsirara, ba a sayar da sauran. A gaya wa ofishin dabbobi da sauri.

In gafiya ce, a bi bangon akurki a toshe kowane rami da siminti, a sa wayar raga mai ido rabin inci, gama mai manyan ido ɓera na ratsa ta. In shirwa ce, a kife uwa da 'ya'yanta cikin babban kwando a inuwa, da ruwa da tsaki a ciki, har su yi mako 6, a riƙa sakinsu da yamma kawai sa'ad da akwai mai tsaro.