Horon farfaɗo da zuciya: abin da ake koya, da dalilin da ya sa takardarsa ke da wa'adi

Idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Babu lokacin buɗe littafi, babu na jiran babban likita ya iso daga gida. Nas ɗin da ke bakin aiki a daren nan, abin da hannunta ya riga ya saba shi za ta yi.

Horon hawa biyu ne. Na farko kowa na iya koyonsa, har direba ko malamin makaranta: a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan kowane dannawa 30 a hura numfashi sau 2. Na biyu, babban matakin, na likitoci ne da nas-nas da masu sa barci a ɗakin tiyata. A nan ake koyon karanta allon na'urar da ke nuna aikin zuciya. Idan zuciyar karkarwa take yi ba tare da tura jini ba, bugun lantarki na iya mayar da ita daidai. Idan kuwa layin ya miƙe ɗoɗar, lantarki ba ya amfani, duk da abin da ake gani a fina-finai. Sai a ci gaba da dannawa, ana ba da allurar adirenalin miligiram 1 duk bayan minti 3 zuwa 5, ana kuma neman musabbabin: zubar jini ne, ƙarancin iska ne, ko guba?

Abin da ya fi ba ɗalibai wuya ba lissafin magani ba ne, aiki tare ne. Mutum ɗaya ke jagoranci, yana tsaye yana kallon kowa. Wanda aka ba umarni ya maimaita shi da ƙarfi, ya kuma faɗa idan ya gama. Duk minti 2 ana sauya mai danna ƙirji, domin hannu na yin sanyi tun kafin mai shi ya yarda ya gaji. Ana gwada wannan duka a kan mutum-mutumin roba, a gaban mai jarrabawa.

Takardar da ake samu ta danganta da tsarin da ƙasa ta gada. A ƙasashe masu amfani da Ingilishi an fi sanin ACLS, na Ƙungiyar Zuciya ta Amurka, wanda katinsa shekara 2 yake yi. A Faransa akwai AFGSU, da aka kafa a 2006. Mataki na biyu na ma'aikatan lafiya ne, awa 21, kuma ana sabunta shi duk shekara 4.

Wa'adin ba dabarar cin kuɗi kawai ba ce, ko da yake kuɗin sabuntawa na da nauyi ga mai ƙaramin albashi. Hannun da bai yi aikin ba yakan manta cikin watanni. Ƙa'idojin ma suna sauyawa: a 2010 Amurkawa suka mayar da danna ƙirji gaba da hura numfashi, don haka wanda ya tsaya kan karatunsa na 2005 yana ɓata daƙiƙun farko.

Ga ma'aikacin da ya yi karatu a Zinder yana neman aiki a Kano, ko ɗan Garwa da ke son zuwa Kumasi, katin ba lasisin aiki ba ne. Izinin aiki daga hukumar likitoci ko ta nas-nas ta ƙasar da aka je yake fitowa, kuma asibiti na iya ƙin takardar wani tsari ya nemi tasa. Akwai kuma shafukan intanet da ke sayar da “ACLS” cikin awa ɗaya ba tare da an taɓa mutum-mutumi ba. Katin ƙungiyar Amurka na gaskiya sai an yi gwajin hannu, kuma yana da lambar da asibiti zai iya tantancewa.

A ƙananan asibitocin karkara, inda na'urar lantarkin ba ta da yawa, galibi zuciya ba haka kawai take tsayawa ba. Mai jego ce ta yi awoyi tana zubar da jini, ko yaro mai ciwon huhu da iska ta gaza masa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tare da ƙungiyar agaji ta CICR suka fitar da horon kulawar gaggawa na farko a 2018, wanda ke koyar da duba hanyar iska, numfashi da zagayawar jini tun kafin a kai ga tsayawar zuciya. Ungozomomi kuma suna da nasu: jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba, a fara hura masa iska da jakar roba kafin minti ɗaya ya cika.