Bindigar da aka kama a iyakar Kamba: a ba aboki ko a narkar da ita?

A watan Oktoba na 2023, Amurka ta miƙa wa Yukren harsasai miliyan 1.1 da sojojin ruwanta suka ƙwace a hanyarsu daga Iran zuwa hannun 'yan Huthi na Yaman. Sai da aka bi ta kotu kafin kayan su zama na gwamnatin Amurka, shi ya sa wasu 'yan majalisar ƙasar suka kawo ƙudurin gajarta hanyar. Dabarar tana da daɗin ji, amma mai son a kwaikwaye ta a nan ya fara duban Kebbi, wadda ke iyaka da Nijar da Benin. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta ɗora wa ƙasashe tattara makaman da aka kama da lalata su, kuma bindigogi 844 da kwastan na Najeriya suka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne a 2024 cibiyar kula da ƙananan makamai ta ƙasa aka damƙa wa. Ina ganin tattarawa da lalatawar ce hanyar da ta dace da mu.

Amma mutumin masarautar Argungu da ke ganin akasin haka yana da hujja mai nauyi. A Nuwamban 2024 mayaƙan Lakurawa sun kashe mutane a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie, bayan mutanen garin sun bi sawun shanunsu da aka sace. Wanda ya binne ɗan'uwansa ran nan zai ce: don me za a narkar da bindiga mai lafiya alhali masu tsaron gari da sojojin maƙwabta suna nema? Amsar tana cikin tarihin Lakurawan kansu, domin a Tangaza da Gudu ta Sakkwato an fara karɓarsu ne a matsayin masu korar ɓarayin shanu. Ita ma Nijar, da a da ake sintiri tare da ita, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ƙawance kan sauya cikin shekara guda, Kalashnikov kuwa tana yin shekara talatin tana aiki. Ko rumbunmu na gida bai riƙe amana ba: rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya ce makaman 'yan sanda 178,459 ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne.

Abin da ya kamata 'yan majalisar Kebbi su nema a Abuja shi ne tanadin da zai tilasta rubuta lambar kowace bindiga da aka kama a iyakar Kamba ko ta Tsamiya, a bi sawun asalinta, sannan bayan hukuncin kotu a yayyanka ta a Birnin Kebbi gaban sarakuna da 'yan jarida.