Alcalde Da Alƙali: Kalma Ɗaya, Ƙasashe Biyu

Duk wanda ya leƙa jaridun ƙasar Sifen zai riƙa cin karo da kalmar alcalde, wato magajin gari. Da ita ake kiran shugaban babban birni kamar Madrid, da ita kuma ake kiran na ɗan ƙaramin ƙauye a Meziko. Wannan kalma da alƙali na Hausa uwarsu ɗaya, wato al-ƙadi na Larabci.

Ta shiga Sifaniyanci ne a zamanin Andalus, wanda ya faro da ƙetarawar Ɗariƙu bn Ziyad a 711, ya ƙare da faɗuwar Garnaɗa a 1492. Tun ƙarni na 11 ana ganinta a takardun Kiristocin arewacin ƙasar, kuma a lokacin mai yanke hukunci take nufi. Da yake alƙalin gari shi ne ke jagorantar majalisar gari, sannu a hankali mulki ya rinjayi shari'a, har aka raba shi da kotu a ƙarni na 19.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne harafin l na tsakiya. Ina aka samo shi, alhali Balaraben yau da d mai kauri yake furta kalmar? Amsar tana wajen Sibawaihi, malamin nahawu na ƙarni na 8, wanda ya bayyana cewa daga gefen harshe wannan harafi yake fita, kusa da mafitar lamun. Kunnen mutanen Sifen ya ji shi a matsayin ld, shi ya sa al-bayad ya zama albayalde, farin fenti na dalma. Bahaushe kuwa l zalla ya ji, ya ce alwala da farilla da lalura da layya, har da Ramalan.

Saboda haka ina ganin masu yi wa tsofaffin malaman zaure dariya idan sun ce "walal lallina" suna gaggawa. Ba gurɓata Larabci suka yi ba. Alamu sun nuna tsohon furuci ne suka gada, kuma Sifaniyanci shaida ne a kan haka daga wata nahiya.

Ma'ana ce ta raba hanya. A Sifen alƙali ya bar kotu ya koma kula da shara da kasuwa da ruwan famfo. A Hausa yana nan a kotunsa, sai dai mun ƙara masa usur, ga shi can yana alƙalancin wasa tsakanin Real Madrid da Barcelona.